Wat 15 a Huntingdon

Bas mai lamba 63 ce ke ɗaukar mutum daga Peckham, a kudancin Landan, ta dire shi a King's Cross ba tare da ya canja mota ba. Kuɗinta lokacin da na hau ta fam 1.75 ne, kuma direba ba ya taɓa kuɗin kowa. Kati ake karawa a jikin wata 'yar na'ura, ta yi tsuwa, mutum ya wuce ya nemi wuri. Na shige ta da ƙarfe takwas da kwata na wata safiyar Nuwamba. A agogo rana ta daɗe da fitowa, a sama kuwa babu alamarta. Ɗan yayata da na sauka a gidansa ya rako ni bakin titi, hannuwa cikin aljihu, yana ta dariya.

"Kawu, yanzu duk abin kallon da ke garin nan, tsohuwar lasifika za ka bi har wani ƙauye?"

Na ce masa ba ƙauye ba ne, kuma lasifikar ta girmi babansa, saboda haka ya yi mata ladabi.

Abin da ya tashe ni wani labari ne da na sha ji ban gaskata ba. Wai a zamanin nan da wayar hannu ke ɗauke da dubban waƙoƙi, akwai mutanen da suka nace wa amfilifaya mai bawul, wato waɗannan ƙwayayen gilashi masu jan wuta da ke cikin rediyoyin da, waɗanda sai an kunna an jira sun yi zafi kafin magana ta fito. Suna kuma haɗa ta da wata irin lasifika wadda ba ta da akwati, ba ta da maganaɗisu, ba ta da zagayayyen kwalin nan da muka saba gani yana rawa in kiɗa ya yi ƙarfi. Tushen wannan haɗin yana garin Huntingdon, mazaunin kamfanin Quad. Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin lantarki, yake gyaran irin waɗannan kaya a gidansa don sha'awa, ya yarda in zo in ji da kunnena, da sharaɗin ba zan ambaci sunansa ba.

Na hau bene na bas ɗin na zauna a gaba. Muka bi ta Old Kent Road da Elephant and Castle cikin cunkoson masu zuwa aiki, ana tafiya ana tsayawa, babu mai danna ham. Da muka hau gadar Blackfriars sai ga kogin Thames, ruwansa launin toka, ƙubbar majami'ar St Paul's tana hannun dama. Tafiyar ta ci minti hamsin.

Tashar St Pancras na maƙwabtaka da King's Cross, titi ɗaya ya raba su. Daga samanta jirgin Faransa ke tashi, namu kuwa sai an gangara ƙarƙashin ƙasa. Ɗan yayan nawa ya riga ya gargaɗe ni kada in yanki tikitin sassafe, domin a nan kuɗin jirgi yana bin agogo: kujerar da za ka hau da ƙarfe takwas ta fi tsada a kan ita ɗin dai bayan tara da rabi. Na jira, na biya fam 30 da ɗoriya na zuwa da dawowa. Na hana kaina lissafa shi da naira, don na san in na yi, shayin da na sha da safe ba zai zauna ba.

Jirgin Peterborough ya fito daga rami, ba a jima ba sai ga filin wasan Arsenal a hannun dama, dab da layin dogo. Na tuna yaran unguwarmu da ke raba dare suna musu a gidan kallo saboda wannan ginin da ba su taɓa gani ba. Nan cikin tarago babu wanda ya ɗaga kai ya dube shi. Muka tsaya a Finsbury Park, daga nan jirgi ya saki jiki. A wajen Welwyn muka ratsa wata doguwar gadar bulo mai baka 40, wadda aka gama a 1850, har yau kuma ita jirage ke bi. Sai Stevenage, Hitchin, Biggleswade, Sandy, St Neots. Ƙasa ta miƙe shimfiɗe, gonaki kore shar duk da sanyin, amma ban ga mutum ko ɗaya a cikinsu ba. Babu mai talla a tasha, babu mai leƙo taga da gyaɗa ko ruwa. Shirun cikin taragon ya fi komai damuna. Wata mata ta amsa waya da raɗa, tana gamawa ta dubi na kusa da ita ta ba shi haƙuri. Kilomita 95 ne daga Landan, muka cinye su cikin awa ɗaya da 'yan mintoci.

Huntingdon ƙaramin gari ne, amma yana da tarihin da ya fi girmansa. A nan aka haifi Oliver Cromwell a 1599, ɗaya daga cikin waɗanda suka jagoranci rundunar majalisa a yaƙin basasar Ingila, aka sare kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649. Tsohuwar makarantar da ya yi tana tsakiyar gari, an mai da ita gidan tarihinsa, ɗaki ɗaya ne tal na dutse. John Major, firaministan Birtaniya daga 1990 zuwa 1997, wannan mazaɓar ya wakilta. Ban tsaya ba, don alkawarina ƙarfe goma sha ɗaya da rabi ne, kuma na lura mutanen nan in sun ce da rabi, da rabin suke nufi.

Gidan dattijon yana tsallaken kogin Great Ouse, ta ɓangaren Godmanchester. Taswirar waya ta ce kilomita biyu da 'yan kai, na ce ai wannan ba abin hawa tasi ba ne. Na bi babban titin garin har tsohuwar gadar dutse da aka gina tun ƙarni na 14. Daga kanta ana hango wata makekiyar fadama da ake kira Portholme, ruwa ya kwanta a wasu sassanta. Iskar da ke tasowa daga can ita ta gaya mini gaskiya. Kafin in kai ƙofar gidan kunnuwana sun daina ji, hancina na zuba, yatsuna sun ƙi kama ƙararrawa.

Ya buɗe da kansa, dogo ne siriri, sanye da rigar ulu mai faci a gwiwar hannu. Bai tambaye ni gajiya ba, bai tambayi mutanen gida ba. Ya ce in tuɓe kwat, ya ɗora buta. Sai da na riƙe kofin shayi da hannu biyu na ɗan dawo hayyacina, sannan ya kai ni ɗakin.

Na zaci zan tarar da manyan akwatuna jere da bango. Abin da na gani wasu faffaɗan abubuwa ne guda biyu masu launin tagulla, kowanne tsayinsa bai kai ƙugu ba, faɗinsa ya ɗan fi tsayinsa, yana tsaye kan 'yan ƙafafu uku na katako ya ɗan kishingiɗa baya. An jawo su tsakiyar ɗaki, kusan mita ɗaya daga bango. Ya ce baƙi da yawa sun sha miƙa musu hannu suna jin ɗumi, a zatonsu abin ɗumama ɗaki ne. A ƙasa, bayan kowacce, akwai wata 'yar ƙaramar amfilifaya mai launin toka, bawul biyar a tsaye a kanta. Gaban lasifikun kuma kujera ɗaya ce rak.

"Ina iyalinka ke zama?" na tambaya.

"Matata tana da rediyonta a kicin," ya ce. "Wannan kujerar ta mutum ɗaya ce. Za ka ga dalili."

Ya kunna amfilifayoyin ya ce sai mun ba su kamar kwata. Lasifikun kuwa ba ya kashe su, domin su ma a jikin soket suke, kuma wutar da suke ci ba ta taka kara ta karya ba. Cikin jiran ya jawo wani buɗaɗɗen allo daga teburin aikinsa ya fara bayani.

Lasifikar da kowa ya sani, in ji shi, maganaɗisu ce da naɗin waya da kwali. Lantarki ya bi ta naɗin ya tura kwalin gaba da baya, kwalin ya tura iska. Cikas ɗinta nauyi. Abu mai nauyi ba ya tashi da wuri, in ya tashi kuma ba ya tsayawa da wuri. Ga shi daga tsakiya kaɗai ake tura kwalin, gefunansa su biyo baya yadda suka ga dama, akwatin da aka saka shi ciki ma ya ƙara nasa gunjin. Wannan kuwa leda ce, ya nuna mini, wadda kaurinta bai kai na silin gashi ba, an ja ta tam tsakanin wasu faranti biyu masu huji-huji. Ana shafa mata wani sinadari, a ɗura mata lantarki mai tsananin ƙarfi amma wanda ba gudu yake ba, a zaune yake. Duk wanda ya taɓa tuɓe rigar sanyi cikin duhu a hunturun Kano, ya ji tana ƙas-ƙas tana tartsatsi, ya san irin wannan lantarkin. Sautin kiɗan farantan nan biyu ake kai wa. Na gaba ya ja ledar, na baya ya tura ta, sai su yi musaya, sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya. Kowane sashe na jikinta ana jan sa lokaci guda, kuma da yake kusan ba ta da nauyi, da an ce tsaya ta tsaya.

A kowace lasifika allo uku ne. Biyu na gefe na sauti mai kauri ne, ana ɗura musu bolt 6,000. Na tsakiya na siririn sauti ne, bolt 1,500. Da na ji haka na ɗan ja kujerata baya. Ya yi dariya ya ce muddin ba ka buɗe bayanta ba babu abin da zai same ka, amma shi kansa in zai yi gyara sai ya zare ta daga wuta ya bar ta ta huce na tsawon lokaci kafin ya sa hannu.

Wanda ya ƙirƙiro waɗannan kaya sunansa Peter Walker. Ya kafa kamfaninsa a Landan a 1936 yana ƙera amfilifayar taro. A 1941 bam ɗin Jamus ya rushe wurin, ya kwashe abin da ya saura ya dawo Huntingdon. Amfilifayar da ke gabana, Quad II, ta fito a 1953: bawul biyu manya samfurin KT66 su ne masu aikin ƙarfi, biyu ƙanana EF86 a gabansu, ɗaya kuma na daidaita wuta. Ƙarfinta wat 15. Da irinta Gilbert Briggs na kamfanin Wharfedale ya yi amfani a zauren Royal Festival Hall a 1954, inda ya sa makaɗa suka yi kiɗa a gaban jama'a, aka kuma saka wanda aka naɗa, don mutane su gwada da kunnensu. Lasifikar ta biyo baya a 1957, shekarar da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye. An ci gaba da ƙera ta har 1985, an yi kimanin guda 54,000.

Wat 15 ɗin nan ya tsaya mini a rai. A kasuwar kayan lantarki ta Sabon Gari in ka ce wa mai shago kana son amfilifaya mai wat 15, tausayinka zai ji. A wurinmu lambar da ke jikin kwali ita ce darajar kaya, kuma lasifikar da ba ta kai unguwa ta uku ba, ba ta yi aiki ba.

Ya zaunar da ni a kujerar ya saka faifan wata mata tana waƙa da fiyano. Ban san yarenta ba, ban kuma san waƙar ba. Abin da zan iya faɗa shi ne ban ji sautin yana fitowa daga lasifikun ba. Matar tana tsaye a sararin da ke tsakaninsu, ɗan baya kaɗan, ina jin inda take jan numfashi da inda leɓɓanta ke rabuwa. Ƙarar ba ta fi ta mutum mai magana a ɗaki ba. Sai ya ce in miƙe. Ina miƙewa siririn sautin ya dushe, muryar ta koma ciki. Na matsa gefe taku biyu, abin ya ƙara lalacewa. Na koma na zauna, ta dawo. Allon tsakiyar nan miƙe yake harba sautinsa, wanda ya kauce ya rasa. Dalilin kujera ɗaya ke nan.

Na roƙe shi ya bar ni in saka namu. Ya samo wata igiya ya haɗa wayata. Na fara da marigayi Ɗanmaraya Jos, shi kaɗai da kuntiginsa. A nan ne jikina ya yi sanyi. Na shekara da shekaru ina jin wannan kiɗan a mota da shago da rediyo, ban taɓa raba ƙarar tsirkiyar da ta ɗan gwangwanin da ke amsa mata ba sai ranar. Dattijon ya sunkuyo yana tambaya tsirkiya nawa ce. Na ce ɗaya. Ya ce in sake sakawa. Amma lasifikar ba ta rufa wa kowa asiri: duk shuu ɗin tsohon kaset ɗin da aka kwafo waƙar daga ciki, da inda makirfo ya cika ya fashe, ta baje su a fili.

Daga nan na saka Shata da makaɗansa. Muryar ta fito tsaf, amshi ya rabu da kyau, har ina iya nuna inda kowace kalangu take. Sai dai dukan nan da mutum ke ji a ƙirji, wanda ke sa kafaɗa motsi ba a sani ba, babu shi. Na gwada wata waƙar zamani ta 'yan fim mai gangar kwamfuta, abin ya zama abin tausayi. Ledar ba ta da wurin yin dogon zango tsakanin farantanta, sannan da yake bayanta a buɗe yake, sauti mai kauri na gaba da na baya suna cin juna. Na gaya masa ra'ayina ba ɓoye-ɓoye. Bai musa ba. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Na kai hannu zan ƙara murya, ya riƙe mini hannu.

"A hankali, abokina. Zo ka ga abin da ƙarin murya ke yi."

Ya ɗaga wani allon tsakiya ya saita shi da hasken taga. Ga wasu ƙananan huji baƙaƙe a jikin ledar, gefensu a ƙone. Ya ce lasifikar tana da iyaka, bolt 33. In abin da amfilifaya ta turo ya haura haka, lantarki sai ya tsallaka ta cikin iska daga faranti zuwa faranti, ya huda ledar ya wuce. A ɗaki mai duhu har shuɗin tartsatsin ana gani. Daga ranar kuma ta dinga tsatsa ke nan, tun tana yi a babbar murya har ta koma yi a ƙarama. To Quad II, ko ta yi iya yinta, abin da take fitarwa bai wuce bolt 20 da 'yan kai ba. Ƙarfinta yana ƙarewa kafin ta kai inda za ta yi ɓarna. Amfilifayar zamani mai wat 100 kuwa tana kai bolt 40 ba tare da ta yi gumi ba. Yawancin allunan da ake kawo masa gyara, in ji shi, 'ya'ya ne suka gaji lasifikar uba suka haɗa ta da sabuwar amfilifaya ranar wani biki. Shi ya sa yanzu duk wadda ya gyara sai ya saka mata wani ɗan allon kariya mai datse abin da ya wuce kima.

Wannan shi ne dalili na farko da ya sa haɗin ya dace, kuma ba shi da alaƙa da wani sirrin bawul. Mutum ɗaya ne ya auna su ya yanka su daidai da juna.

Na biyun ya fi wuyar bayani, sai da ya ɗauko takarda ya zana. Kowace lasifika tana da turjiyar da take yi wa lantarki, ana auna ta da om. A takarda ta wannan om 15 ce. A aikace kuwa ba ta zama wuri ɗaya: a sauti mai kauri tana haura 30, a can ƙololuwar siririn sauti ta faɗo wajen 2. Bugu da ƙari ba cinye wutar take yi ba, karɓa take yi ta adana ta maido wa amfilifaya. Amfilifayar da ba a gina ta da shirin haka ba sai ta rikice, ta kama wani kuka da kunne ba ya ji, ta yi zafi ta mutu. Da yawa daga amfilifayoyin taransista na farko haka suka ƙare. Quad II ba ta rikicewa, saboda yadda Walker ya naɗa taransifomarta.

Sai na ce masa ashe ke nan magana ta ƙare, duk mai irin wannan lasifika bawul zai nema. Ya girgiza kai da ƙarfi. Ya ce wannan ita ce tatsuniyar da ke cinye wa mutane kuɗi. Amfilifaya mai bawul tana da tata turjiyar a bakin fita, wata kaɗan, wata da yawa. Mai yawan in ta haɗu da lasifikar da turjiyarta ke hawa da sauka, sai sauti mai kauri ya kumbura, siririn ya dushe. Mai ita ya ce ya sami sauti mai taushi, alhali murɗa masa sautin aka yi. Akwai masu bawul ɗaya samfurin 300B, wat 8 kacal, da ake sayarwa da tsadar gaske. A ƙaramin ɗaki da kiɗa marar hayaniya za su yi, ban da haka numfashinsu ba ya kaiwa. Manyan lasifikun MartinLogan na Amurka kuma, wasunsu turjiyarsu kan faɗi ƙasa da om 1 a sama, waɗannan amfilifaya mai ƙwanji suke so, bawul ce ko taransista. Ita ma ƙanwar lasifikar da ke gabana, ESL-63 da ta fito a 1981, tana da wata dabarar kare kai: in an matsa mata sai ta haɗe wayoyin shigarta biyu, amfilifayar da ba ta iya jure haka ba ta ji a jikinta. Ya ƙara da gargaɗi ɗaya da ya ce in rubuta: kada a kuskura a kunna amfilifaya mai bawul a saka mata kiɗa babu lasifika a jikinta, taransifomarta ce za ta tafi, ita ce kuma mafi wuyar samu.

Wani abu ya ba shi dariya tun yana saurayi, in ji shi. Bawul da ɗaruruwan bolt yake aiki. Sai a sa taransifoma ta sauko da su ƙasa don a tura ta igiya, suna isa lasifika wata taransifomar ta sake ɗaga su sama. An hau an sauka an sake hawa. Kamfanin Acoustat na Amurka ya taɓa cire su duka ya haɗa bawul kai tsaye da farantan, haka kuma Stax na Japan ke yi a wasu amfilifayoyin na'urorinsa na sawa a kunne, masu aiki da bolt 580.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Walker kansa bai ɗauki bawul abin bauta ba. A 1967 ya fitar da amfilifayar taransista, Quad 303, a 1970 ya daina ƙera Quad II. Ra'ayinsa shi ne amfilifayoyi biyu da aka gina da kyau, muddin ba a tura su fiye da ƙarfinsu ba, kunne ba zai raba su ba. A 1978 aka yi gwaji da Quad II da 303 da 405, masu sauraro ba sa ganin wadda ke aiki, aka buga sakamakon a mujallar Wireless World: ba su iya bambancewa ba. Na tambayi dattijon to shi me ya sa ya zauna kan bawul. Ya ɗan yi shiru.

"Ina iya gyara ta da hannuna," ya ce. "Ba za ta ƙona mini lasifika ba. Kuma ina son ganin wutarta da daddare. Na ukun ba hujja ba ce, amma ba zan yi maka ƙarya ba."

Ni dai a nawa kunnen, abin da na ji a ɗakin nan aikin ledar ne kafin na kowa. Amfilifayar ta yi abin da ake so, wato ba ta shiga tsakani ba.

Bawul kuma yana tsufa. Ya buɗe wata durowa ya nuna mini tsofaffin KT66 na kamfanin GEC cikin kwalayensu, yana taɓa su da ladabi. Masana'antun Ingila sun daɗe da rufewa. Sababbi daga Slobakiya da Rasha da Sin suke zuwa, kuma da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022 sai da suka yi wuya, farashi ya tashi.

Wajen ƙarfe biyu na nemi wurin salla. Ya kai ni ɗakin baƙi, ya duba wayarsa ya nuna mini kudu maso gabas. A wannan watan azahar da la'asar kusan a manne suke, magariba kuma ƙarfe huɗu. Na haɗa su na sauko na tarar matarsa ta ajiye mana miyar kabewa da burodi da cuku, ta kuma tabbatar mini babu naman komai a ciki.

Muna ci na yi masa tambayar da ke cina tun safe: in mutum ya kai irin wannan Kano, za ta rayu? Ya tambayi wutarmu. Na ce bolt 230 ce, soket ɗinmu ma irin nasu ne mai baki uku, sai dai tana zuwa tana tafiya, wani lokaci ta zo da fushi. Ya ce wannan da na'urar daidaita wuta za a rage, ko da yake bawul ba ya son a yi ta kunna shi ana kashewa. Ya tambayi ƙura. Na kwatanta masa hazon Disamba, yadda ake share tebur da safe a rubuta suna a kansa da azahar. Ya ajiye cokali. Ya ce abin da ke ɗauke da bolt 6,000 kiran ƙura yake yi, kuma duk da akwai siririyar ledar kariya gaba da baya, in ta sami ƙofa ɗaya ta shiga, sai tsatsa. Laimar damina kuma tana zuƙe cajin ledar murya ta ragu. Sannan ga zafin bawul goma a ɗaki cikin watan Afrilu. Shawararsa ita ce ɗaki rufaffe mai na'urar sanyaya iska, da mayafin rufe su in ba a amfani. Na yi lissafin kuɗin ɗakin da na dizal kafin na lasifikar, na ga linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Da ya ga yadda na iso da safe, ya ce ba zan koma da ƙafa ba. Ya fito da wata tsohuwar ƙaramar mota, ya ce zai ɗan zagaya da ni. Muka haye kogi muka nufi arewacin gari, titin St Peter's Road, inda masana'antar Quad ta yi shekaru. Unguwar ma'ajiyar kaya ce da garejoji, babu abin da zai sa baƙo ya tsaya. Ya rage gudu ya nuna da hannu ya wuce. Walker ya rasu a 2003. Tun kafin nan kamfanin ya fita daga hannun iyalinsa, yanzu yana ƙarƙashin International Audio Group, tare da Wharfedale, kuma a ƙasar Sin ake ƙera kayan. Har yau suna yin lasifikar leda, sun kuma dawo da amfilifaya mai bawul, wadda mai kamfanin ya ajiye tun 1970, saboda masu saye sun nema.

Ya sauke ni a tasha da ƙarfe huɗu saura kwata, fitilun titi sun riga sun kama. Na yi masa godiya irin tamu, mai tsawo, har da gaida iyali da fatan gamawa lafiya, ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce yana da allo biyu da ya shafa wa gam tun jiya, in bai koma ya ja ledarsu yau ba sai wani makon. Jirgin Landan ya shigo bayan minti goma sha biyu, cike da 'yan makaranta, ban sami wurin zama ba sai a Biggleswade.